Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Wynton Marsalis: Yaran Bayan Labule Ma Ɗalibanka Ne

Zuwa ga Malam Wynton Marsalis,
Daraktan Cibiyar Jazz at Lincoln Center,
Birnin Niyok, Amurka.

Yallaɓai,

Ni Bahaushe ne mazaunin unguwar Bronx, uba ga wata yarinya mai busa tarombon a ƙungiyar jaz ta makarantarsu. Ina cikin iyayen da ke aikin sa-kai a bayan fage duk lokacin da aka shirya gasar ɗalibai a yankinmu. Na rubuta wasiƙar nan da harshena ne domin iyaye 'yan'uwana su ma su ji, tunda maganar ta shafe su kamar yadda ta shafe ka.

Roƙona guda ne. Ina so gasar Essentially Ellington ta ɗauki aikin bayan fage a matsayin darasi cikin darussanta, ta koyar da shi, ta kira sunan ɗaliban da ke yin sa, ta kuma karrama su. Ina nufin yaran da ke jera kujeru, masu tsara takardun kiɗa, masu jan wayoyin makirfo, da masu riƙe agogo a ƙofar dandamali. Su ma ɗaliban jaz ne, ko da babu ƙaho a bakinsu.

Kafin in shiga roƙon, yaba kyauta tukuici. Kiɗan da ya fara a matsayin 'yan wasannin bazara a 1987 ka tsaya masa har ya zama cikakken sashe na Lincoln Center a 1996, sannan ya samu gidansa na kansa, zauren Frederick P. Rose da ke Columbus Circle, a 2004. Tun tsakiyar shekarun 1990 shirin Essentially Ellington ke aika wa makarantun sakandare rubutaccen kiɗan Duke Ellington, kuma yau kyauta makarantu ke samun sa. Abin da ya faro da makarantun Niyok da maƙwabtanta ya game Amurka. Makarantu kan aiko da faifan kiɗa uku, alƙalai su saurara ba tare da sanin mai shi ba, a zaɓi waɗanda za su zo Niyok; an yi shekaru da dama ana zaɓar ƙungiyoyi 15 su zo a watan Mayu. A 2025, shekarar da gasar ta cika 30, ƙungiyoyi 30 kuka gayyato, har da na ƙasashen waje. Makarantu irin su Garfield da Roosevelt na Seattle, da Dillard ta jihar Florida, sun yi suna ta wannan hanya. A 2020 da annoba ta rufe ƙofofi, ba ku bari gasar ta mutu ba, kuka mayar da ita intanet, a daidai shekarar da kai kanka ka rasa mahaifinka, Ellis Marsalis, malamin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da matasa a New Orleans. Wannan duka mun gani, kuma mun gode.

Dalilin da ya sa na kawo kukana gare ka shi ne, daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Ƙananan gasannin da ake yi a zaurukan makarantu da ɗakunan motsa jiki, ku suke kallo. Yadda kuke jera ƙungiyoyi haka suke jerawa, irin lambobin da kuke bayarwa su suke kwaikwaya. Har layi biyun nan da ma'aikatanku ke yi suna tafi da shewa don tarbar ɗalibai ranar isowa, na ga an ɗauko shi a gasar da ba ta kai ta kawo ba. Duk abin da ka ɗaga yau, kafin 'yan shekaru zai isa makarantar da ba ka taɓa jin sunanta ba.

Bari in nuna maka abin da ke faruwa a bayan labule a irin waɗannan ƙananan gasanni. Babbar ƙungiyar jaz mutum goma sha bakwai ne ko kusa da haka: saksofon biyar a gaba, tarombon a tsakiya, tirampet a baya, sai fiyano da bes da ganguna, wani lokaci da jita, a gefe. Da zarar wata ƙungiya ta busa ƙarshen kiɗanta, agogo ya fara ci. A 'yan mintoci ƙalilan dole a kwashe takardunta, a ƙara kujera ko a rage, a daidaita tsayin maɗoran takarda, a matsar da makirfon masu busa su kaɗai zuwa inda sabon malami yake so, a goge ruwan da masu tarombon suka zubar daga ƙahonninsu don kada wani ya zame. A can ciki kuma akwai ƙungiya ɗaya a ɗakin ɗumama baki, wata na jira a baranda, wata motarsu ta maƙale a cunkoso. Idan aka yi lattin minti biyar da safe, kafin la'asar ya haifi rabin awa, kuma makarantar da ta zo daga nesa ita za ta biya, domin direbanta ba zai jira a raba lambobi ba.

A wata gasa da aka yi a zauren wata makaranta, na ga yaro ɗan shekara goma sha shida da aka ba aikin rako ƙungiyoyi daga ɗakin ɗumama baki zuwa dandamali. Yana tsaye bakin ƙofa sai ya lura mai gangunan ƙungiyar da ke biye bahago ne. Babu wanda ya rubuta haka a takardar da makarantarsu ta aiko. Yaron bai jira an sa shi ba, ya ɗauki oba-oba ya faɗa wa na dandamali, ya ruga ya kira abokansa biyu. Kafin mai gabatarwa ya gama karanta sunan makarantar, sun juya jerin gangunan gaba ɗaya: faranti mai taki ya koma dama, babbar gangar ƙasa ta koma hagu, kujera ta sauka daidai tsayin makaɗin. Makaɗin ya zo ya zauna ya tarar da komai inda hannunsa ya saba. Ya buga abinsa lafiya, alƙalai suka yaba masa. Har ya tafi bai san an taɓa gangunan ba.

A ranar kuma na zauna kusa da wata yarinya mai kula da takardun kiɗa na makarantarsu. Tana da fensir a bayan kunne, da salatif, da jaka cike da kwafi na biyu na takardar kowane mabushi. Na ga ta manne shafuka uku a jere ta yadda mai babban saksofon ba zai juya shafi ba sai a inda yake da hutu. Na tambaye ta yadda ta san wurin, ta ce ai ta bi kiɗan daga farko har ƙarshe tana ƙirga. A cikin jakarta har da robar nan da masu gyaran famfo ke buɗe toshewar bututu da ita, wadda masu tarombon ke rufe bakin ƙaho da ita su sa shi yin magana kamar mutum, salon da Tricky Sam Nanton ya shahara da shi a ƙungiyar Ellington. Ta ce kullum sai wani ya manta tasa. Yarinyar nan ta fi wasu masu busan sanin kiɗan, domin su kowa layinsa ya sani, ita kuwa duka ta sani.

Da yamma aka kira kowa don raba lambobi. Aka kira gwanin tirampet, aka kira sashen saksofon da ya fi, aka gode wa malamai da masu ba da tallafi. A lokacin yaran nan biyu suna baya suna naɗe waya da loda maɗoran takarda a amalanke, domin mai gadin makarantar na son rufe ƙofa. Ba a ambaci sunansu ba, kuma babu ƙungiya ko ɗaya da suka samu zama suka saurara daga kujerar 'yan kallo. Babu mugunta a zuciyar masu shirya taron. Ba su dai taɓa ganin an yi wani abu daban ba ne, shi ya sa ban ga laifinsu ba, kuma shi ya sa nake rubuto maka.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin mutumin da gasar ke ɗauke da sunansa, amma ka yi mini izini in tuna wa masu karatu. Ellington, wanda aka haifa a Washinton a 1899 ya rasu a Niyok a 1974, ya riƙe babbar ƙungiya kusan rabin ƙarni, a kan hanya dare da rana. Yakan rubuta kiɗa a jirgin ƙasa, a otal, a ɗakin ɗaukar faifai ana jiran sa. Kuma yakan rubuta wa mutum ne da sunansa, ya sa laƙabin mabusansa irin su Johnny Hodges ko Cootie Williams a gefen layi. Wannan rubutu nasa ba ya busuwa sai wani ya zauna ya fitar wa kowane mabushi takardarsa da hannu. Juan Tizol, mai tarombon ɗan Puerto Rico da ya shiga ƙungiyar a 1929, ya daɗe yana wannan aiki bayan busan da yake yi. Daga farkon shekarun 1940 Tom Whaley ya rungumi aikin, ya shafe shekaru masu yawa yana kwafar kiɗan Ellington da na abokin aikinsa Billy Strayhorn, sau da yawa tawada ba ta bushe ba ake ɗora takardar gaban mabushi. Harry Carney, wanda ya busa babban saksofon a ƙungiyar tun 1927, shi ke tuƙa Ellington a motarsa daga gari zuwa gari. Mercer, ɗan Ellington, ya karɓi ɗawainiyar tafiye-tafiyen ƙungiyar a shekarun 1960. A shekarun 1930 kuwa, lokacin da otal-otal na kudancin Amurka ba sa karɓar baƙar fata, sai da aka yi hayar taragun kwana na jirgin ƙasa da taragon kaya, ƙungiyar ta riƙa kwana cikin mutunci a tasha. Wani ne ya zauna ya tsara wannan, ya san wane jirgi zai ja su, da ƙarfe nawa, zuwa ina.

Daren da ya farfaɗo da sunan Ellington ma, bikin jaz na Newport na watan Yulin 1956, yana da nasa darasin bayan fage. Mabushin ƙungiyar, Paul Gonsalves, ya yi doguwar busarsa mai zagaye 27 da ta tayar da jama'a tsaye, amma makirfon da ya fuskanta na gidan rediyon Muryar Amurka ne, ba na kamfanin Columbia mai ɗaukar faifai ba, sai sautinsa ya fito can ƙasa a faifan kamfanin. Shekara arba'in aka yi kafin a gano faifan Muryar Amurka, sannan a 1999 aka haɗa biyun aka fitar da daren yadda ya kasance. Wanda ya jagoranci wannan aiki, marigayi Phil Schaap, abokin aikinka ne a cibiyar nan. Wurin da makirfo ɗaya ya tsaya ya shafi abin da duniya ta ji na tsawon shekara arba'in.

Takardun da kuke aika wa makarantu su ma daga bayan fage suka fito. David Berger da waɗanda suka biyo shi sun zauna da tsofaffin faifai suna saurare, suna mayarwa, suna rubuta abin da kowane ƙaho ya busa. Ma'adana a cibiyar Smithsonian, inda takardun Ellington suka koma a 1988, sun tsare rubuce-rubucen hannunsa. Idan haka ne, yarinyar da ke manne shafuka da salatif magajiyar Tom Whaley ce kai-tsaye. Gasar da ke son ɗalibai su gaji Ellington gaba ɗayansa ya kamata ta faɗa mata haka.

A ƙasarmu ta Hausa, yaron makaɗi da ɗaukar ganga yake farawa. Yana ɗauka, yana ɗaure tsirkiya, yana shanya fata a rana, kunnensa na cika da kiɗa tun hannunsa bai fara ba, kuma kowa a garin ya san shi da sunan yaron wane. Ba a raba ɗaukar kaya da koyon sana'a, domin hanya ɗaya ce. Abin da nake nema wa yaran nan ke nan a Amurka.

Akwai kuma maganar abinci, wadda iyaye irina ba sa wasa da ita. Cikin dubban ɗaliban da ke busa kiɗan Ellington kowace shekara, kaɗan ne za su ci abinci da ƙaho, kuma kai ma ba ka taɓa gina shirin a kan cewa kowa zai zama makaɗi ba. Amma gidajen wasa na birnin nan cike suke da sana'o'i: injiniyan sauti, mai haske, mai kula da dandamali, ma'ajin takardun kiɗa, mai gyaran fiyano, mai gyaran ƙahonni, mai tsara tafiye-tafiye. Ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan dandamali ta Niyok tun 1886 take. A tsakanin iyaye baƙi da suka zo daga Afirka ta Yamma, masu tuƙin tasi da masu aikin jinya da 'yan kasuwa, tambayar da nake ji idan yaro ya ce yana son kiɗa ita ce: "To, da me zai riƙe gida?" Wasu sukan cire yaran daga ƙungiyar makaranta saboda wannan tambaya. Idan uba ya ga cewa a ƙungiyar nan ɗansa na koyon lantarki da sauti, da tsare lokaci, da jagorancin mutane, kuma babbar cibiya ta ba shi shaida a kai, zuciyarsa za ta kwanta. Ta haka za ka riƙe yaran da yanzu ake rasawa tun ba su kai ko'ina ba.

Saboda haka ga abubuwa huɗu da nake roƙo.

Na farko, a cikin kayan da kuke aika wa makarantu tare da rubutaccen kiɗa, a sa ɗan littafin aikin bayan fage. Ya nuna yadda ake zana taswirar dandamali, yadda ake tsara takardu da adana su, inda makirfo ke tsayawa ga kowane irin ƙaho, da tambayoyin da ake yi wa ƙungiya kafin ta iso, har da ko mai gangunanta bahago ne. Ya kuma yi maganar lafiya: yadda ake ɗaga kaya mai nauyi, da toshe kunne ga wanda zai yini a gaban tirampet huɗu, da lokacin cin abinci da hutawa. Ma'aikatan zaurenku sun san wannan duka, rubutawa kawai ya rage.

Na biyu, kowace ƙungiyar da ta kai zagayen ƙarshe ta zo da ɗalibi ɗaya ko biyu a matsayin ma'aikatanta na bayan fage, sunansu ya fito a littafin taro tare da na masu busa. Kamar yadda kuke haɗa ƙungiyoyi da ƙwararrun makaɗa masu yi musu jagora, a haɗa waɗannan da mai kula da dandamali, da injiniyan sauti, da ma'ajin takardun ƙungiyarku. A kuma lura da makarantu marasa ƙarfi, waɗanda da sayar da alewa da wankin mota suke tara kuɗin zuwa Niyok, kada kujerar ɗalibin bayan fage ta zama ta farko da za a soke idan kuɗi ya gaza.

Na uku, a ware lambar yabo ta wannan aiki, a sa mata sunan Tom Whaley, a bayar da ita a dandamali ɗaya, a dare ɗaya da sauran lambobi, daga hannunka. Malamai da ma'aikatan zaure su ne za su iya shaidar wanda ya cancanta.

Na huɗu, a tsara aikin bi da bi, yadda kowane ɗalibin bayan fage zai samu zama cikin 'yan kallo ya saurari ƙungiya ɗaya ko biyu daga farko har ƙarshe. Wanda ya yi wa kiɗa hidima ya cancanci ya ji shi ta gaba.

Na san za a kawo uzuri, kuma uzurin yana da tushe. Zaure irin naku yana da ƙa'idojin ƙwadago da na inshora, akwai aikin da doka ba ta yarda yaro ya taɓa ba, lokaci kuma a ƙure yake. Ban ce a ɗora ɗan shekara goma sha biyar a kan tsani ko a ba shi wutar zaure ba, ban kuma ce ɗalibai su karɓe aikin waɗanda ke cin abinci da shi ba. Tsayawa kusa da gwani ana kallo, ana tambaya, ana riƙe takardar jeri, wannan bai taka dokar kowa ba. Idan kuma babban zauren ya yi tsauri a farawa, ga bukukuwanku na yankuna da ake yi a jihohi daban-daban, waɗanda ba na gasa ba ne. A gwada a can, a ga abin da ya yi kyau, sannan a kawo Niyok.

Wani abu kuma da alƙalai ba sa gani daga teburinsu: gasa tana da zafi, kuma a bayan labule zafin yake sauka. Yaron da bakinsa ya kuɓuce a tsakiyar busa yakan daure har ya sauka, sai ya shige duhun baranda hawaye su zubo. Wanda yake fara cin karo da shi ba malaminsa ba ne, ɗan'uwansa ɗalibi ne mai riƙe da ƙofa. Na ji irin waɗannan yara suna cewa, "Sha ruwa tukuna," ko "Ni na ji farkon, ya yi daɗi." Kai da kake yawan koyar da cewa jaz sauraron juna ne da ba wa ɗan'uwa fili, ga waɗanda ke aikata darasin tun ba a koya musu ba. Idan aka horar da su, aka nuna musu cewa an san da su, ribar za ta koma kan masu busan kansu.

Yallaɓai, duniya ta karrama ka, har da lambar Pulitzer ta 1997, wadda kai ne ka fara samun ta da aikin jaz. Maganarka tana da nauyi a wurin malaman kiɗa na ƙasar nan fiye da ta kowa. Idan ka tsaya a daren rufe gasa ka kira ɗaliban bayan fage su fito gaba, malaman da ke zaune a zauren za su koma gida su yi haka a makarantunsu. Ina roƙon ka sa wannan magana gaban sashenku na ilimi kafin a fitar da kayan shekara mai zuwa, a fara ko da da littafin nan da lambar Tom Whaley ne. Mu iyaye a shirye muke mu ba da lokacinmu da ƙarfinmu a duk inda aka gwada, kuma za mu kawo yaranmu.



Naka cikin girmamawa,
Wani uba, ɗan sa-kai a bayan fage,
Bronx, Niyok.